Kwamfutar hannu ko mai lesin? Ga yadda ta kaya a gidana

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce sakamakon yaronki na aji 4 bai yi kyau ba a zangon farko, kuɗin hannunki kuma na abu ɗaya ne, ko kwamfutar hannu ta yara ko mai lesin a wannan hutun na Disamba. Ki ɗauki mai lesin. Na gwada duka biyun a kan ɗiyata, ɗaya har gobe ina sa mata albarka, ɗaya kuma tana can ƙasan durowa da fasasshen gilashi.

Shekarar da ɗiyata take aji 3 ta kawo mini kati ta zo ta 31 cikin 38. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kullum ina ganinta da littafi, in na tambaye ta kuma sai ta karanto mini shafi guda babu gargada. A layinmu akwai wata yarinya da ke karatun NCE, ta dawo gida hutu, mahaifiyarta ƙawata ce. Na roƙe ta ta riƙa zuwa awa ɗaya da rabi kullum ban da Juma'a da Lahadi. Ranar farko ko littafin makarantar ba ta buɗe ba. Takarda guda ta zo da ita da ta rubuta da hannunta: haruffa a sama, kalmomi a ƙasansu, sai jimloli huɗu, sai ɗan gajeren labari. Ta ce ɗiyata ta karanta. Ina zaune ina tsince wake, ina ji yarinyar nan ta wuce haruffa da ƙyar, tana juya b da d, ta zo kan kalmomi ta tsaya cak. Ashe duk abin da take karanto mini hadda ce. Malaminsu ya faɗa sun maimaita har ya zauna mata, hoton shafin take gani ta tuno. Wallahi sai da na shiga ɗaki na share hawaye, shekara uku ina biyan kuɗin makaranta ban san ɗiyata ba ta iya karatu ba.

Daga nan malamar ta fara, kuma da Hausa ta fara. Ta ce yaro ya fi saurin gane yadda harafi ke haɗuwa da harafi a harshen da yake mafarki da shi, in ya kama sai a tsallaka da shi Turanci. Ba, be, bi, bo, bu, sai baba, sai babur, sai ƙofa da ɗaki da ɓera. Lokacin sanyi ne sosai, hazo ya rufe gari, ba sa zama sai hantsi ya ɗaga wajen ƙarfe 10. Mu shimfiɗa tabarma inda rana ke sauka a tsakar gida, ɗiyata cikin rigar sanyi, leɓe duk man basilin, kofin kunu a gefe. Lissafi kuwa da tsinken tsintsiya suka yi shi. Ta sa ta ɗaure goma-goma da kyauro, in za a cire 7 daga 32 sai ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta ta ga inda aron yake fitowa. Aron nan da aka yi zango guda ana ce mata "ki aro ɗaya" ba ta san daga ina ake aro ba, kwana uku ya ɗauke ta.

A mako na biyu muna cikin adaidaita za mu gidan kakarta, sai na ji ta tana haɗa wani abu a hankali, "a-na sa-yar da ƙan-ƙa-ra". Rubutun gawayi ne a jikin wata ƙofa. Ta juyo ta ce, "Umma, wa zai sayi ƙanƙara a sanyin nan?" Ba wanda ya karanta mata, ba hoto, kuma ta fahimci abin da ta karanta har ta yi tambaya a kai. Mai adaidaitar ma sai da ya yi dariya. Ba ta zama ta ɗaya a zango na biyu ba, kada in yi miki ƙarya, ta zo ta 19, amma tun daga nan ba ta ƙara ɓoye mini littafin aikin gida ba.

Daga baya na gane abin da malamar nan ta yi ba dabararta ce ita kaɗai ba. Wata ƙungiya ce a Indiya mai suna Pratham ta fito da tsarin, wato a gwada kowane yaro shi kaɗai a ga ko yana matakin harafi ne, ko kalma, ko sakin layi, ko labari, sannan a koyar da shi daga inda yake tsaye, ba daga inda ajinsa ya kai ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun daɗe suna bincike a kansa, kuma an kawo shi Najeriya aka fara da jihar Borno. A Bauchi da Sakkwato ma shirin Mu Karanta da Hausa ya fara koya wa 'yan aji 1 zuwa 3 karatu. Kuma kada ki ɗauka yaronki ne kaɗai. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Yaro yana hawa aji ne da shekaru, karatun kuma ya tsaya a baya, ba mai lura don ajin ya cika.

Ita kwamfutar hannun, a hutun da ya gabaci wannan na saye ta, da kuɗin adashina. Tana da waƙoƙin haruffa masu daɗi, ban hana ta wannan ba. Amma ba ta jin yaro in ya yi kuskure a baki, in ya danna daidai bisa sa'a ma tafi take masa, kuma cikin mako guda ta koma abin kallon zane da rigima tsakanin yara. Ga caji, wuta ba ta zama, sola kuma ba ta kamawa sosai in hazo ya yi yawa. Inda na yarda da ita shi ne babban yaro ɗan SS3, tunda JAMB a kwamfuta ake yin ta tun 2015, yana bukatar hannunsa ya saba. Ɗan aji 4 kuwa, in ma kina son ya taɓa irin wannan karatun, akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, kyauta ne, ki buɗe masa a wayarki minti 20 kina kusa.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, don ni an cuce ni. Mai shagon ya rantse mini ma'ajiyarta 64GB ce kuma cike take da darussan firamare na Najeriya. Da ƙanena ya duba, ko rubu'in haka ba ta kai ba, an yi wa lambar dabara ne ta nuna ƙarya, darussan kuma bidiyoyi ne na wata ƙasa da aka kwaso daga intanet. Na koma ya ce ba ya karɓar kayan da aka buɗe, ni kuma ban karɓi rasit ba. Watan Disamba kasuwarsu ce, sun san iyaye na cikin zafin sakamako. In wata rana za ki saya, ki tafi da wanda ya san waya, a kunna ta a gabanki, a gwada sauke wani abu a ciki, a rubuta miki rasit da sharaɗin mayarwa. Masu lesin ma akwai irinsu. Wani zai ce a ba shi kuɗin wata gaba ɗaya ya zo kwana huɗu ya ɓace. Wasu kuma su tara yara sittin a ɗaki ɗaya suna kwafar allo, abin da ya kayar da yaron a makaranta shi za a sake masa. Ki biya mako-mako, kuma kada yaran su wuce biyar a zama ɗaya.

Kafin ma ki nemo kowa, ki ajiye katin nan gefe. Matsayin da ya zo bai gaya miki komai ba sai yadda 'yan ajinsu suke. Ki ɗauko littattafan aikinsa na zangon duka da takardun jarrabawa in makarantar na bayarwa, ki zauna bayan isha'i ki bi su. Ki duba ko kuskure iri ɗaya ne yake ta dawowa. Ki duba makin tes da na jarrabawa daban-daban: in na tes da aikin gida sun yi sama na jarrabawa ya faɗi ƙasa, sau da yawa wani ne ke taya shi, ko yaya ko abokin zama. Sannan ki ba shi rubutun da bai taɓa gani ba ya karanta da ƙarfi na minti ɗaya, ki naɗi muryarsa a waya. Ranar ƙarshe ta hutu ki sake naɗa, ku saurari biyun tare da shi. Ɗiyata sai da ta sa aka kunna wa babanta sau uku.

Hutun gajere ne, mako biyu zuwa uku, in kin cire ranakun biki da ziyara da wuya ki samu kwana 15 na zama. Don haka abu ɗaya za ki ɗora wa mai lesin, in ya yi yawa biyu, karatu da cirewa ko karatu da sau. Duk wanda ya ce zai bi masa darussa sama da goma a wannan lokacin, ki gode masa ki nemi wani. Ki tambayi wanda za ki ɗauka, "Me za ka yi ranar farko?" In ya ce zai gwada yaron ya ga inda yake, shi ne naki. Ɗaliban kwalejin ilimi suna gida yanzu, ba su da tsada, kuma wasunsu sun yi koyarwar gwaji. A yi zaman a tsakar gida ko zaure inda idonki ke kai, mace ce ko namiji. Kada ki taɓa masa islamiyya, kada kuma ki cinye masa yammacinsa na ƙwallo, ya yi wata uku yana tashi da asuba cikin sanyi.

Canjin da ya rage ki sayo littafin rubutu mai layi biyu, fensir, da ƙananan littattafan labari uku ko huɗu masu manyan haruffa, biyu na Hausa. Ki buɗe su a shagon ki ƙirga shafukan, na bugun sata kan zo da shafi a juye ko tawada a dishe. In an koma a Janairu ki rubuta wa malamin ajinsu 'yar takarda ki gaya masa abin da aka gano da inda aka tsaya, ki roƙe shi ya dawo da yaron layin gaba. Allah Ya buɗa masa, Ya sa ki ji daɗinsa.