Ɗaukewar al'ada: maganin da na zaɓa da wanda ba zan ƙara kusanta ba

Shekarata 49 lokacin da al'adata ta fara yi mini wasa, ta zo wannan wata, ta yi wata uku ba labari. Wannan bai dame ni ba kamar zafin da ke taso mini daga ƙirji, ya haura wuya, ya mamaye fuska, sai ka ce an matso mini da kaskon garwashi. Tsakiyar hunturu, kowa ya ƙudundune cikin bargo, ni kuwa in farka ƙarfe biyun dare rigata sharkaf. Sau uku ana ba ni maganin maleriya da taifod. Wata yayata ta ce iska ce. Sai da na zauna gaban likitar mata ta ce mini, "Hajiya, sinadarin istirojin ne ke janyewa daga jikinki." Yawancin mata abin yana riskarsu tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma sai an cika wata 12 cur ba jini ake cewa al'ada ta ɗauke.

Da ta kawo maganar mayar wa jiki sinadarin da ya rasa, sankarar mama ce ta faɗo mini a rai. Tsoron yana da asali. A 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka, wanda ya ƙunshi mata sama da 16,000, bayan an ga ƙarin sankarar mama da gudan jini a jijiya ga masu shan haɗin istirojin da firojestin. Ƙarin ya kai mata 8 cikin 10,000 a shekara ta fannin sankarar mama. Abin da bai yaɗu ba shi ne, matsakaicin shekarun matan nan 63 ne, da yawansu sun daɗe da rabuwa da al'ada. Matsayar likitoci a yau ita ce, macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma lafiyarta ƙalau, yawanci amfanin ya rinjayi haɗarin. Maganin kuma yana kare ƙashi daga zaizayewa.

Ni man shafawa na zaɓa, jel ɗin istiradiyol, wato wani nau'in istirojin, irin su Oestrogel, kuma ban ga na biyunsa ba. Bayan wankan safe nake matsa shi a tafin hannu, in shafe dantse ko cinya, in jira kamar minti biyar ya bushe, in wanke hannu kafin in ɗauki jikata. Ba a shafa shi a mama. Babban dalilina shi ne hanta. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta, hanta kuma ta ƙara samar da abubuwan da ke daskarar da jini, shi ya sa ƙwaya ke ƙara haɗarin gudan jini. Wanda ya shiga ta fata ba ya bin wannan hanya, kuma a ma'aunin da aka saba bayarwa ba a ga yana ƙara wannan haɗari ba. Ga mace mai jiki irina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Likita na iya ƙara matsawa ɗaya ko ta rage gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Cikin ƴan makonni na dawo ina kwana har asuba. Aibinsa ɗaya, ba kowane famasi ke ajiye shi ba, don haka kada ki bari sai kwalbar ta ƙare ki fara nema.

Amma ki ji wannan da kyau: idan mahaifarki na nan, istirojin shi kaɗai haɗari ne, yana kauraro bangon mahaifa har ya kai ga sankara. Dole a haɗa miki da firojestaron. Ni Utrogestan nake sha da daddare, domin yana sa barci. Wasu kuma robar Mirena ake sa musu, ta kare mahaifa shekara biyar. Ki tambayi likita tsarin da za ta ɗora ki a kai, domin akwai wanda ke dawo da jini duk wata, kuma mai kula da sallarta da azuminta gara ta sani tun farko. Wadda aka cire wa mahaifa ce kawai ke iya amfani da istirojin zalla. Kuma jel ɗin da Utrogestan ba sa hana ɗaukar ciki.

Filastar istirojin da ake mannawa a fata aikinsu ɗaya da jel, sai dai zafin Afrilu da gumi sun ɓamɓare mini ita tun kafin ranar canji. Premarin, wani istirojin ne, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi, ga shi ta baki ake sha, ban ko tsaya ba. Tibolon, wata ƙwayar da ke aiki irin na sinadaran nan, yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga waɗanda suka manyanta.

Wadda matsalarta bushewar gaba ce kawai, da zafi lokacin kwanciyar aure ko yawan ciwon fitsari, ba ta buƙatar duk wannan. Akwai man istirojin na gaba irin su Ovestin, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Wadda kuma ta taɓa yin sankarar mama, ko gudan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko tana da ciwon hanta, akwai magungunan da ba na sinadarin ba: benlafaksin, gabafentin, faroksetin. Na ƙarshen ba ya jituwa da tamoksifen, maganin sankarar mama. Akwai sabo, Veozah, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023, amma yana buƙatar gwajin hanta a kai a kai. Awara da waken suya abinci ne mai kyau, sai dai sauƙin da suke kawowa kaɗan ne.

Yanzu ga abin da ya ƙona ni. Kafin in je asibiti na sayi wani haɗi a intanet, wajen wata mai sayar da kayan mata. Murya mai daɗi, "Uwar gida, wannan zai dawo miki da ƙuruciya, itatuwa ne zalla." Jarka ce ƙarama, ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa. Satin farko na ji ƙarfi, ciwon gwiwa ya tafi, cin abinci ya buɗe. Wata biyu fuskata ta kumbura ta yi zagaye, sukarina ya hau, jinina ya hau. Likita na ganina ta ce alamun sitiroyid ne, irin ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda ake dakawa a zuba cikin jiƙo. Daina shi ma ba a yi farat ɗaya ba, sai da aka bi a hankali. Da na koma neman matar, lambar a kashe.

Duk mai ce miki zai dawo miki da al'ada bayan ta ɗauke, ki guje shi. Jini bayan shekara guda da ɗaukewa ba albishir ba ne, yana iya zama alamar sankarar mahaifa, asibiti ake kai shi a makon. Kayan matsi kuwa ƙara busar da wurin suke, fatar da ta riga ta yi siriri ta tsage. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana aiki, ki duba ƙasan kwalin, za ki ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kuma ana buga lambar bogi. Ko maganin asibitin ne, kada ki karɓa daga jakar ƴar kasuwar da ta dawo daga tafiya, ko wanda ya wuni a rana kan tebur. Ki saya a famasi mai rajista da takardar likita, kwali a rufe, takardar bayani a ciki, lambar da ke jikin kwalba ta yi daidai da ta kwali. Kafin a rubuta mini nawa sai da aka auna jinina, aka duba mama, aka tambaye ni tarihin gidanmu, kuma duk shekara nake komawa a sake dubawa.