Alawar Farfaɗo da Mai Ciwon Suga: Abin da Ake Samu a Ingila da Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayani daga nan Ingila yake, domin masu shirin fitowa karatu, aiki ko jinya, musamman masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyi irin su gliclazide, don su ne sugansu ya fi saurin faɗuwa.

A nan da mmol/L ake awo, kuma da zarar na'ura ta nuna ƙasa da 4, suga ya faɗi. Amurkawa da mg/dL suke aiki, iyakarsu 70. Ku ninka lambar Ingila sau 18, ku sami tasu. Maganin dai ɗaya ne: giram 15 zuwa 20 na suga mai saurin shiga jini, a dakata mintuna 10 zuwa 15, a sake aunawa. In bai haura 4 ba a maimaita. In ya haura, a bi shi da yankan burodi ko abincin da lokacinsa ya yi, don kada ya sake zamewa.

To, wannan giram 15 ɗin shi kuke saya, ba sunan kamfani ba. Kantin magani zai fara nuna muku ƙwayar gulukos, wato irin sugan da ke shiga jini kai tsaye. Dextro Energy na da kimanin giram 3 a kowace ƙwaya, biyar ke nan a tashi ɗaya. Lift da irin na Amurka, kamar ReliOn na Walmart, kusan giram 4 ne, huɗu sun isa. Suna da kyau ƙwarai: ba sa narkewa a aljihu, lissafinsu ba ruɗani, kuma ba su da daɗin da zai sa yara su wawushe. Amma wanda sugansa ke faɗuwa sau uku ko huɗu a mako zai ji a aljihunsa, domin bututu mai ƙwaya 10 bai wuce amfani biyu da rabi ba.

Shi ya sa da yawa ke komawa alawar manyan kantuna. Ita kanta hukumar lafiya ta NHS tana lissafa Jelly Babies cikin abin da ake ba wanda sugansa ya faɗi, manya huɗu ko biyar. Aldi da Lidl na da irin nasu mai rahusa. Ku juya bayan jakar, ku nemi layin kabohaidret a cikin giram 100. In an rubuta 75, to giram 20 na alawar ne ke ba da giram 15 na suga, jakar giram 200 kuwa za ta yi sau goma. Takardar farashin da ke jikin kanta a nan tana nuna kuɗin kowane giram 100, da ita ake gane mai arha na gaske. A Amurka kuwa, bayan jakar lissafin ci ɗaya yake nunawa, sai an duba guda nawa suke nufi. Kuma washegarin Halloween, wato 1 ga Nuwamba, kantuna kan karya farashin alawa sosai.

Akwai tarko a sunaye. Smarties na Amurka kusan zallar gulukos ne, kowane ɗan ƙunshi giram 6, uku sun biya buƙata, kuma yana cikin mafi arha a can. A Kanada Rockets ake kiransa. Smarties na Ingila kuwa cakulan ne. Cakulan ba ya wannan aiki, don maiƙon da ke cikinsa yana jinkirta shigar suga jini, mutum na rawar jiki yana gumi amma lamba ta ƙi motsi. Haka alawar da aka rubuta babu suga a cikinta, da mai tauri wadda sai an daɗe ana tsotsa.

Musulmi kuma su kula da jalatin, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, mai sa alawa danƙo. Yawancin Haribo na kantunan Ingila da na alade ake yi, amma wanda ake sarrafawa a Turkiyya na saniya ne, da tambarin halal. Jelly Babies ma akwai jalatin na dabba a ciki. Skittles babu, kuma kowace ƙwaya kusan giram 1 ce, 15 ke nan. Fruit Pastilles na Rowntree's sun daina sa jalatin tun 2020.

Lemon kwalba ya fi komai yaudara. A 2017 aka rage sugan Lucozade Original da kusan rabi, gabanin harajin lemo mai suga da ya fara aiki a Afrilun 2018, don haka tsohon ma'aunin mililita 100 bai isa ba. Pepsi ma ta rage nata a nan a 2023. Coca-Cola ta asali tana nan da giram 10.6 a mililita 100, ƙaramin gwangwani mai mililita 150 ya yi daidai. A cikin gida kuwa, ƙaramin cokali huɗu na sukari a ruwa ya fi komai arha, sai dai ga mai shan acarbose, wani maganin ciwon suga: maganin yana hana sukari narkewa da wuri, dole sai gulukos zalla.

Ku ƙulla alawar kashi-kashi, giram 15 a kowace 'yar leda. Wanda sugansa ya faɗi yunwa ke kama shi, sai ya cinye jaka guda, bayan awa biyu lamba ta yi sama. Ku ajiye ɗaya a gefen gado, ɗaya a jaka, ɗaya a mota, amma ta mota ta zama ƙwaya, don mai laushi tana narkewa da zafi, tana daskarewa da hunturu.

Mai shan maganin suga a Ingila ya nemi fom FP92A a wurin likitansa. Da shi ake samun takardar da ke yafe kuɗin magani na shekara biyar, har da gulukagon, allurar da ke ɗaga suga cikin gaggawa, idan likita ya rubuta. Wannan allurar ake yi wa wanda ya suma: a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki, a kira 999, ko 911 a Amurka. Direba mai insulin kuma, ƙa'idar DVLA, hukumar lasisin tuƙi ta nan, ita ce kada ya tuƙa mota in awo ya gaza 4, kuma bayan suga ya daidaita ya ƙara jiran mintuna 45 kafin ya tayar.