Kofo da filayen gwamnati a jihar Damagaram: ya iya shata iyaka, bai iya tsaronta ba

Duk wanda ya bi hanyar Mirya ko ta Magarya da damina ya san ginshiƙan simintin nan da ke jere layi biyu cikin daji, tsakaninsu fili ba shuka. Burtali ne, ginshiƙan kuma aikin kwamitin filaye ne, wanda kowa ke kira Kofo. In ka lura da kyau, a wani wurin ginshiƙin na tsaye bakin gona daidai inda aka kafa shi, a wani wurin kuwa gero ya kewaye shi, sai ka bankaɗe kara kafin ka gan shi. Hukuncinmu a kan wannan hidima ke nan a taƙaice: wajen fitar da iyakar filin jama'a Kofo ya san aikinsa, wajen komawa ya ga ko iyakar na nan ƙafarsa gajeriya ce.

Tushen abin doka ce mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa ginshiƙan dokar karkara ta Nijar. Jiharmu na cikin waɗanda suka fara ɗanɗana ta, don kwamitocin farko an gwada su ne a Mirya da Maine Sorowa ta jihar Difa a 1994. Yau matakai uku ne. Akwai Kofob na ƙauye ko rugga, mai gari ko ardo ke shugabanta, da magatakarda mai iya rubutu, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Sama da shi Kofokom na ƙaramar hukuma, ƙarƙashin magajin gari ko kantoman da ke riƙe da kujerarsa. Sai Kofodep na gunduma, ƙarƙashin firefe, wato shugaban gundumar, inda ma'aikatan noma, kiwo, gandun daji da ruwa ke zama tare da sarakuna. A birnin Damagaram kuma akwai ofishin jiha da ke haɗa kan aikin. Wanda zai kai kuka ya fara sanin ƙofar da ta dace, domin rabin wahalar da mutane ke sha ta zuwa Kofob ce da maganar da sai Kofodep ke iya sa mata hannu.

Sannan "filin gwamnati" da muke faɗa ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda doka ta ajiye don amfanin kowa: burtali, makiyaya, wuraren hutun dabbobi, hanyar mashaya. Wannan ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa, kuma ko ka shekara talatin kana noma shi bai zama naka ba. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara jaddada haka, ta kuma ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ba alfarma ba. Akwai kuma filin da ba a san mai shi ba, wanda ke hannun gwamnati, tana iya ba mutum riƙonsa da sharaɗin ya raya shi. Mai gari ba shi da ikon sayar da ko ɗaya daga cikin biyun nan, kome girman hatiminsa.

Ga yadda aikin shata burtali ko makiyaya ke tafiya idan an bi shi yadda ya kamata. Buƙata kan fito daga ƙungiyar makiyaya, ko sarki, ko ita ƙaramar hukumar. Kofo ya aika sanarwa ƙauyukan da filin ya ratsa, a yi shela a kasuwa da gidan rediyon yankin, a sa rana. Ran nan ake takawa da ƙafa, da dattawan da suka san inda tsohuwar iyaka take, da masu gonakin da ke maƙwabtaka, da makiyayan da ke bin hanyar. Inda aka daidaita, a shafa fenti jikin itace ko a kafa turke. Nan ne ake gumi, don akwai wanda za a ce ya janye daga kunya goma ko ashirin da ya daɗe yana shukawa. In an gama a rubuta takardar yarjejeniya, kowane mai gona ya sa hannu ko ya dangwala, sarki ya sa hatimi. Bayan haka a bar ƴan kwanaki ko wani zai tayar da ƙorafi. Sai mai na'urar GPS ya ɗauki lambobin kowace kwana, a zana taswira, a kafa ginshiƙan siminti, firefe ya fitar da takardar doka, a shigar da filin cikin kundin karkara na gunduma.

Wannan tsari mun yaba shi, kuma ba yabon baki ba. Burtalin da aka taka da masu gonaki suna tsaye ya fi wanda aka zana a ofis daɗewa nesa ba kusa ba, saboda wanda ya dangwala yatsa gaban maƙwabtansa yana jin nauyin tsallake layin. Kuma ran da magana ta kai kotu, alƙali na da takarda da taswira a gabansa, ba rantsuwa kaɗai ba.

Inda ake samun tangarɗa tun daga farko shi ne lokaci. Aikin da aka yi da rani, sa'ad da masu yawon kiwo suka yi kudu har cikin Najeriya, to wakilin makiyayan da za a samu ɗan gari ne mai awaki biyar, wanda shi ma manomi ne. Zai yarda da faɗin da amalanke biyu za su gifta juna, alhali garken shanu ɗari biyu ne zai bi wurin. Daga nan an haifi rigima da takardarta. Wani kuskuren shi ne shata burtali a tsaya a iyakar ƙaramar hukuma: ta gaba ba ta yi nata ba, sai makiyayi ya kora dabbobi kilomita ashirin cikin kwanciyar hankali, ya tarar da gona ta toshe bakin hanya, ba gaba ba baya. Haka nan burtali mai tsawo da ba a ware masa wurin kwana da hanyar ruwa ba, dabba ba za ta kwana a tsaye cikin lungu ba, gonar da ke kusa za ta faɗa.

Ginshiƙan kansu magana ce. A lissafa: in ana kafa ɗaya kowane mita 100 a gefe biyu, burtali mai kilomita 30 na cin ginshiƙi 600, ga siminti, ga rodi, ga jigila cikin rairayi. Ƙananan hukumomi kaɗan ne ke iya ɗaukar wannan da aljihunsu, shi ya sa mafi yawan ginshiƙan da ake gani kuɗin wani shirin agaji ne. Ɗan kwangilar da ya rage siminti kuwa, damina biyu ta isa ta tona asirinsa. A jigawa, in rami bai yi zurfi ba kuma ba a zuba gindi mai faɗi ba, iska na kwashe rairayin har ginshiƙin ya kwanta, wanda ya kwanta kuma yana da sauƙin ja zuwa taki biyar gaba. Wasu ma fasa shi ake yi don rodin da ke ciki. Maganin da ya fi araha tsoho ne: a dasa aguwa ko dashi tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Aguwa dabba ba ta cinta, reshe kawai ake cakawa kafin ruwa ya sauka, kuma wanda ya tumɓuke ta kowa zai ga giɓin.

Babban rauni dai yana bayan an gama biki an watse. Doka ta ɗora wa Kofo zagayen duba yadda ake amfani da filayen, kuma lokacin da zagayen ke da amfani shi ne makonnin farko na shuka, kafin gero ya tasa. In an tarar da shuka cikin burtali tana ɗan tsiro, hana ta abu ne mai sauƙi. In ta yi kai, ba sarkin da ke son a ce shi ya sa aka sare abincin talaka, sai a ce a bar shi bana, baɗi kada ya ƙara. Baɗi kuma maƙwabcinsa ya ce ai wane ya yi an ƙyale shi. Ba kwace ake yi rana ɗaya ba, kunya ɗaya ce kowace shekara. Mita ɗaya ta nan, mita ɗaya ta can, burtali mai faɗin mita 50 ya koma mita 10 cikin shekara 20, kuma ba wanda zai iya nuna ranar da aka ci shi. Dalilin rashin zagayen ba ɓoyayye ba ne: babur ba mai, magatakardan Kofob aikin sa kai yake yi, kasafin ƙaramar hukuma kan manta da layin Kofo ko a rubuta shi ba a fitar ba. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, shugabannin Kofokom sun sauya, sai ya zama duk tarihin filayen yana kan sakatare ɗaya da kabad ɗinsa. Inda sakataren ke da tsari, aiki bai tsaya ba. Inda takardu ke cikin kwali ƙarƙashin rufin da ke yoyo, gara ce ke karanta su.

Akwai kuma cin da ba na mutum ba. Garmani ya mamaye burtali da makiyaya da yawa a kudancin jihar, dabba ba ta damu da shi ba, kuma yana danne ciyawar kirki. Makiyayar da ta zama garmani zalla, manomi na kallonta ya ce ai ba abin da take yi, gara a noma. Shata iyaka ba tare da cire shi kafin ya zubar da iri da watsa irin ciyawa ba, rabin aiki ne.

Batun sakin gonaki kuwa Kofo na taka rawar da ta dace. Bayan kaka ana zama a kowace gunduma a dubi inda girbi ya kai, a ba da shawarar rana, gwamna ya fitar da takarda. Daga ranar dabbobi na da damar shiga gonakin damina, wanda bai kwashe amfaninsa ba kada ya zo neman diyya. Garka da rogo da sauran noman rani kuwa, mai su ne zai yi musu shinge. Abin da ke ɓata tsarin shi ne Kance da Magarya ba sa gama girbi rana ɗaya da Tanut ko Gure, sanarwa kuma kan isa rugga a makare. Ga shi kara da harawa sun zama kuɗi, ana kwashe su tas a kai kasuwa, har makiyayi ya shigo gonar da aka "saki" ya tarar ba abin da ya saura sai turɓaya.

Ta arewa labarin ya sha bamban. Dokar 61-05 ta Mayun 1961 ta ja layi ta yankin Tanut da Gure, ta ce daga nan zuwa sama ƙasar kiwo ce, kuma gonar da aka buɗe can ba ta da diyya in dabba ta ci. Dokar 2010 ba ta goge layin ba. A ƙasa dai gonaki sun daɗe da tsallake shi, ga masu hali da ke haƙa rijiya su mai da dajin da ke kewaye kamar nasu. Wannan ya fi ƙarfin Kofob da Kofokom, kuma ba adalci ba ne a ɗora musu laifinsa.

Wanda ke son ganin filin gwamnati da aka samu masu tsaronsa ya dubi gandun dajin Takeita, mai fiye da hekta 6,000, inda aka damƙa kulawa ga ƙungiyar masu amfani da dajin, Ku Tayani, da manoma da makiyaya a ciki. Bambancin ba a doka yake ba. Mutanen da ke kwana kusa da filin ne aka ba ikon tsayar da ƙa'idar shiga da ta yankan itace.

Abu biyu da jama'a ke yawan ruɗewa a kai. Na farko, Kofo ba kotu ba ne. In rigima ta tashi, sulhu na mai gari ne, in ya gagara a je gun sarki, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, da ita ake zuwa gaban alƙali. Kofo shaida yake kawowa da awo. Na biyu, takardun da Kofob ke bayarwa na saye, kyauta, gado, aro, haya da jingina suna da amfani ƙwarai kuma ba su da tsada, amma ba sa halatta abin da aka yanko daga makiyaya. Mai sayen gonar da ta yi iyaka da filin jama'a ya nemi a rubuta maƙwabtan gabas, yamma, kudu da arewa da sunansu, in burtali ne a rubuta burtali, ya je Kofokom ya ga taswira da idonsa kafin ya ƙirga ko jaka ɗaya, ya kuma tabbatar kwafin takardar ya isa can, bai tsaya aljihun mai gari ba.

A bakin birnin Damagaram, inda gonaki ke komawa fuloti, a ƙara taka-tsantsan. Takardar sayen gona ba ita ce takardar fuloti ba. Fulotin da aka yanka bisa doka ma'aikatar magajin gari ce ke ba da takardarsa, da lambar rukuni da lambar fili, kuma lambobin nan dole su yi daidai da taswirar yankan. In dillali ya nuna maka fili mai faɗi tsakiyar unguwar da ta cika, ba gini ba borni, wato turken iyaka, farashi kuma ƙasa da na kewaye, tambayi abin da taswira ta rubuta a wurin. Galibi makaranta ce, ko asibiti, ko kasuwar da ba a gina ba tukuna.