Mazubin cefane: wanne za ki saya ki rabu da leda?

Wata Asabar na dawo daga kasuwar 'Yankaba, na zazzage cefane a tsakar gida, sai na tsaya na ƙirga ledojin da suka biyo ni. Goma sha bakwai. Tumatir da tasa, attaruhu da tasa, daddawa, kuka, kuɓewa, nama leda biyu saboda jini, manja an ƙulle shi a fara sannan aka jefa a baƙa. Kafin la'asar duk sun koma shara, iska ta kwashi rabi ta watsa a lungu. A shekarar ne tunkiyar da nake kiwo ta kama rama, tana ci amma ba ta ƙiba, ciki kullum a kumbure. Da muka ga ba ta tashi aka kira mahauci. Yana farke tumbin ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, ya kai girman ƙwarya ƙarama, ledoji ne sun murɗe sun zama kamar igiya. Ya ɗaga ya ce, “Hajiya, ga abin da ya cinye miki ita.” Tun daga ranar nake zuwa kasuwa da mazubina.

Ƙasashe sun daɗe suna kokawa da abin. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, Nijar ta yi dokarta a 2014, jihar Legas kuma ta hana farar robar nan ta tekawe mai kama da soso a watan Janairun 2024. Amma wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi ko ta Sabon Gari ya san doka ba ta bin mace zuwa wurin mai kayan miya. Abin da kika riƙo a hannunki shi ne zai hana a miƙo miki leda.

Maganar jaka ba ta da tsawo. Bakko ta ishe ki, ko buhun shinkafar da ya ƙare ki kai wa tela ya sa masa hannu, ki ce ya ninka ɗinkin gindi sau biyu. Kwandon kaba ya fi kyau da tumatir, domin yana shan iska kuma ba ya matse shi, sai dai ba ya son lema kuma ba ya naɗuwa a cikin adaidaita. Jakar takarda ba ta kasuwarmu ba ce, ruwan tumatir ɗaya ya fasa ta. Jakar atamfa kuwa ta biki ce, manja ya ɗiga a kai shi ke nan.

Inda aikin yake shi ne kayan ruwa-ruwa: markaɗe, kokon safe, manja, man gyaɗa, nama, fura da nono, zoɓo. A nan ne leda ta fi kama mu, a nan ne kuma ta fi cutarwa, don zafi ake zuba mata. Koko yana tafarfasa mai koko za ta ɗura shi a farar leda, yaro ya huda gindin ya tsotsa.

Ƙwarya tana da daɗin fura, ba musu, amma ba ta da murfin da zai riƙe ruwa a kan babur. Kwalba tana da tsabta, ba ta riƙe wari, amma gidan da yara suke aike ba ta kwana biyu. Samira da langa irin na iyayenmu suna da kyau har ranar da fentin zai ɓantare. Daga nan tsatsa ta samu ƙofa. Bokitin roba mai murfi shi ne mai araha, kuma ba zan ce kada a saya ba. Ki dai kifa shi ki duba gindinsa, akwai ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 5 ita ce mai jure zafi, lamba 2 tana da kyau da mai da ruwan sanyi. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo, ba a yi ta don zafi ko yawan maimaici ba. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, mai duhun launi da warin ƙauri, galibi tsofaffin robobi ne aka narka, ki bar shi ga wanki. Matsalata da roba ko mai kyau ce ita ce manja: ya shiga jikinta ba ya fita, ta yi yauƙi, ta karce, bayan shekara ɗaya ko biyu ta tsage ta koma bola ita ma.

Ni dai zaɓina ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda 'yan kasuwa ke cewa sitenles. Ina da guda uku: bokiti mai murfi na markaɗe, kwano mai maƙalli a gefe na nama, da gora mai faɗin baki ta koko da kunu. Bokitin ya shekara shida a hannuna. Ya faɗo daga kan yarinya a bakin inji, ya loɓa a gefe, har yau yana aiki. Na zuba masa markaɗen attaruhu da safe, na wanke da sabulu da ruwan ɗumi, da yamma na dama fura a ciki babu ko ɗuriyar yaji. Manja ba ya kama shi. Zafi ba ya narka shi. Ɓera ba ya huda shi, wanda duk mai ajiye gari a roba ta san darajar wannan. Idan miya ta yi saura, a cikinsa zan ɗora a wuta in ɗumama. Ranar da ya gama yayinsa kuma, 'yan gwangwan za su auna shi su ba ki kuɗi. Tsadarsa a ranar saye ce kawai, ya ninka roba sau da yawa, kuma yana da ɗan nauyi ga ƙaramin yaro. Idan ba za ki iya uku ba, fara da na markaɗe, shi ne aiken kullum.

To amma fa a nan ne ake cutar mutane, kuma ni ma an cuce ni. Gorata ta farko na saye ta a wani shago, tana walƙiya kamar madubi, ga takarda manne a jiki an rubuta 304. Mai shagon ya ɗauko maganaɗisu ya manna, bai kama ba, ya ce, “Kin gani ko, Hajiya? Na asali ke nan.” Na biya ba ciniki mai yawa. Sati uku ina zuba wa yara zoɓo a ciki su tafi makaranta, sai babbar ta ce, “Umma, zoɓon nan ɗanɗanon ƙusa yake yi.” Na haska fitilar waya a ciki, sai ga jan layin tsatsa ya bi ɗinkin gorar daga sama har ƙasa, gindin kuma duk ɗigo-ɗigo baƙi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sati ukun nan da 'ya'yana suka yi suna sha. Na mayar, ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

Daga baya na fahimci abin. Sitenles iri-iri ne. Mai lamba 304, wanda wani lokaci ake rubuta 18/8, yana da sinadarin kuromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari da nikel kusan kashi 8, su ne ke hana shi tsatsa ko da ya haɗu da gishiri da tsami. Akwai mai lamba 201, an rage masa nikel saboda tsada an cike da manganis. A ido kamarsu ɗaya, amma tsamin zoɓo, tsamiya, nono ko gishiri suna cin sa. Abin da mai shagon bai faɗa min ba shi ne 201 ma ba ya kama maganaɗisu. Don haka gwajin nan da suke yi a gabanki ba ya raba na kirki da na banza. Iyakarsa ya nuna ba gwangwani ba ne aka shafa wa walƙiya.

Saboda haka kada ki yarda da lambar da ke kan takarda, kowa zai iya bugawa ya manna. Nemi wadda aka buga a jikin ƙarfen, yawanci a gindi, ko da yake ita ma ba rantsuwa ba ce. Ki ɗaga ki ji nauyi, ki danna gefe da babban yatsa. In ya shiga ya dawo yana ƙara kamar gwangwanin madara, siriri ne. Ki haska ciki ki bi ɗinkin, a nan tsatsa ke fara cin jabu. Ki goga farin ƙyalle a ciki, ki shafa bakin da yatsa ko yana da kaifi. Ki sa a zuba ruwa a rufe a kifa a gabanki, don murfin da ke yoyo zai mayar da ke ga leda cikin sati. Mafi muhimmanci, ki sayi ɗaya tak a wurin mai shago tsayayye, ki yi sharaɗi da shi da baki a gaban mutane, ki je gida ki zuba ruwan gishiri da lemon tsami ya kwana biyu. In ya fito fes, sai ki koma ki ƙaro. 'Yan talla a baro da masu sayarwa ta Facebook da hoto mai kyau, in abu ya ɓaci ba inda za ki gan su.

Akwai wata cutar da ta fi wannan. Jarkokin hannu da ake jerawa a bakin kasuwa, an wanke su tas, wasunsu maganin feshi ko man inji ko sinadarin masana'anta aka zuba a ciki tun farko. Roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki ba ya fitar da shi. Na ga ana auna manja a irinsu, na ga ana ajiye ruwan sha. In za ki sayi jarka ta hannu, sai wadda kika tabbatar man girki ne ya fito daga ciki, da tambarinta a jiki. Haka bokitin fenti da ake wankewa a kai markaɗe. Haka gororin zoɓo da kunun aya na kan titi, da yawansu daga bola aka tsinto su.

Kada kuma ki biya ƙari don an ce miki ga “leda mai ruɓewa”. Yawancin irin wannan ledar roba ce aka sa wa sinadarin da ke sa ta dagargaje a rana. Ba ta zama taki, sai dai ta koma ɓurɓushi ta shiga ƙasa da ruwa inda ba mai iya tsince ta.

Ranar farko da na miƙa wa mahauci kwanona, hannunsa ya riga ya kai ga leda. Na ce, “Malam, zuba min a nan.” Ya ɗora kwanon a sikeli ya cire nauyinsa tukuna, sannan ya zuba naman. Ki tabbatar an yi miki haka duk inda ake awo da sikeli, kada ki biya kuɗin nama a kan ƙarfenki. Mai manja kuwa, da kwalbar awonsa zai auna ya juye miki, ki tsaya har ta tsane. Yanzu da ya hango ni daga nesa yake ɗauko mazurari.