Dirayib ko bost: wanne ya fi cancantar lokacin atisaye a wasan sikwash?

Wani ɗan'uwa ya tambaya, tun da awa ɗaya kacal yake samu a filin sikwash (wasan da ake buga ƙaramar ƙwallon roba a jikin bango da raket, a cikin ɗaki mai bango huɗu), ko ya duƙufa a kan dirayib ko kuwa a kan bost. A ganina, dirayib ne ya kamata ya cinye kamar minti 40 na awar, sauran kuma a bar wa bost.

Dirayib shi ne bugun da ake aika ƙwallo kai tsaye zuwa bangon gaba, ta dawo tana bin jikin bangon gefe har ta mutu a kusurwar baya. Tsawon filin mita 9.75 ne, faɗinsa mita 6.4, saboda haka duk wanda ya iya tura abokin karawarsa can baya, shi zai riƙe tsakiyar fili, inda layuka suka haɗu suka yi siffar harafin T. Mutum shi kaɗai yana iya koyonsa: ya tsaya bayan akwatin sabis, wato murabba'in da aka zana a ƙasa inda ake tsayawa a yi bugun farko, ya riƙa auna saman layin sabis, wato layin tsakiya da ke bangon gaba, yana ƙirga ƙwallo nawa ne suka sauka bayan akwatin ba tare da sun rabu da bango ba. Aiki ne mai gundura, amma Jahangir Khan na Pakistan, wanda ya ci wasa 555 a jere daga 1981 zuwa 1986, ya yi suna ne da juriya da gajiyar da abokan hamayya a dogayen musayar bugu.

Bost kuwa, ƙwallo tana fara dukan bangon gefe kafin ta isa bangon gaba, sannan ta faɗi a ɗaya kusurwar ta gaba. Idan ta yi ƙasa ta daki kwanon da ke gindin bango, mai tsayin santimita 48, maki ya tafi. Idan ta yi sama, an ba abokin karawa kyauta. Sababbin 'yan wasa suna son sa fiye da kima, domin yana fitar da su daga matsi a kusurwa, kuma yana burge 'yan kallo. Atisayensa shi kaɗai ba ya da daɗi, domin kowane bugu sai an bi ƙwallo an ɗauko, ita kuma ƙwallon ƙwararru, mai ɗigon rawaya biyu, tana hucewa ta rage tsalle da zarar an daina dukanta da ƙarfi.

Idan ɗan'uwa ya samu abokin atisaye, sai a haɗa dirayib da bost: na baya ya buga bost, na gaba ya mayar da dirayib miƙe, kowa ya koma tsakiya bayan bugunsa, a yi musayar wuri duk bayan minti biyar. Na gaba ya guji tsayawa a kusurwa yana jiran ƙwallo don ya san inda za ta faɗi, domin a wasa na gaske ba wanda zai sanar da shi.