Manhajar lissafin shago da ta ce ta ajiye alhali ba ta ajiye ba

Manhajar nan ta lissafin kaya da bashi da ake ta tallata wa 'yan kasuwar Garwa, ni ma na saya. Sauri kam tana da shi, ko a tsohuwar kwamfutata mai Windows.

A filash nake ajiye lissafina, ramin da nake soka shi kuma ya yi sako-sako. Rannan na shigar da bashin masu babur da suka ɗauki taya da baƙin mai, na danna ajiya, ta rubuto min da Faransanci cewa komai ya shiga. Washegari na buɗe, fayil fayau, girmansa sifili. Har tsohon bashi ya tafi. Wallahi sai da gumi ya karyo min. Da wane ido zan tari mutum in ce ina binsa, ba rubutu a hannuna?

Ƙanena da ya karanci kwamfuta a Marwa ya nemi ainihin rubutun manhajar, mai ita ya turo. Da yaren kwamfuta na C aka yi ta. Ya ce, "Yaya, duba nan." An buɗe fayil da umarnin fopen a yanayin "w", wanda ke share tsohon abin da ke ciki tun kafin a rubuta sabo. An kira fwrite, umarnin rubutu a fayil, ba a duba adadin da ya dawo da shi ba, alhali idan ya gaza abin da aka ba shi, rubutu bai kammala ba ke nan. Na fclose, umarnin rufe fayil, ya fi ƙona min rai. Bayanai kan tsaya a ma'ajiyar wucin gadi, sau da yawa sai wajen rufewa suke sauka kan filash, idan sun kasa sauka fclose ya dawo da EOF, alamar an samu matsala, maimakon 0. Layi ɗaya da zai cece ni, mutumin bai rubuta ba.

Gaskiya dai ya kyauta daga baya. Da ƙafarsa ya zo shago, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, laifina ne," ya gyara bai karɓi ko dala ba. Yanzu sai ta rubuta sabon fayil a gefe, ta tabbatar ya rufu lafiya, sannan ta maye gurbin tsohon da shi. Har na fara yi masa talla a layinmu.

Sai ga wata sabuwa. Ina ta shigar da ciniki, lissafi na tsaye a na ranar gyara. A kwamfutarsa mai tsarin Linux, umarnin sauya suna na rename na danne tsohon fayil, a Windows kuwa ƙi yake idan sunan na nan, ƙa'idar C ta bar wa kowane tsari zaɓinsa. Nan ma bai duba abin da rename ya dawo da shi ba. Bashin farkon nan har yau rabinsa ban karɓo ba, don haka duk wanda ya tambaye ni, cewa nake ya dakata tukuna.