Zuwa Ga Yaya: Abin Da Na Gani A Ingila Game Da Numfashin Bakwaini

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da maigida da yara, kuma Inna ta ƙara samun sauƙin ƙafarta. Saƙonki ya same ni ina bakin aikin dare, shi ya sa ban amsa nan take ba, domin tambayar ba ta gajeriyar amsa ba ce. Kin ce ƙungiyar 'yan garinmu ta tara kuɗi za ta tallafa wa ɗakin jarirai na asibitin da kike aiki, kuma yawancin dattawan sun karkata ga sayen babbar na'urar numfashi, wato bentileta, saboda ita ce suka ji sunanta a lokacin korona. Kin nemi in faɗa miki abin da idona ya gani cikin shekaru huɗun da na yi ina jinyar bakwaini a nan arewacin Ingila. Shawarata ita ce kada a saye ta yanzu, kuma zan kawo dalilaina daki-daki yadda za ki iya karanta musu a taro.

Ke ungozoma ce, kin san nishin nan da bakwaini yake yi jim kaɗan bayan haihuwa, haƙarƙarinsa yana lotsawa, ƙofofin hancinsa suna buɗewa. Saboda dattawan zan faɗi musabbabinsa. A cikin huhu akwai 'yan ƙananan jakunkunan iska, kuma akwai wani ruwa mai santsi da ake kira safaktan wanda yake hana su mannewa idan an fitar da numfashi. Huhun ɗan tayi ba ya samar da isasshensa sai ciki ya kai wajen mako 34. Wanda ya zo kafin nan, kowane numfashinsa tamkar hura sabon balan-balan ne daga farko, yana yi yana yi har ya gaji ya daina. Likitoci biyu a Amurka, Mary Ellen Avery da Jere Mead, su suka gano haka a shekarar 1959, amma sanin cuta daban, samun maganinta daban. A watan Agustan 1963 ɗan Shugaban Amurka John Kennedy, wanda aka haifa saura kusan mako biyar da rabi, ya rasu da wannan ciwo kafin ya cika kwana biyu, ga kuɗi ga mulki ga manyan likitocin birnin Boston. Jariri mai irin wannan watanni a yau da wuya ya kwana uku a sashen gobe-da-nisa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a makon farko da na kama aiki shi ne yadda bentiletocin suke jere a lulluɓe a gefen ɗaki, yawancinsu ba sa aiki. Na zo da tunanin cewa ƙasar da ta ci gaba ita ce wadda take ɗora kowane bakwaini a kan babbar na'ura, sai na tarar ƙoƙarinsu kullum shi ne su kauce mata. Na halarci haihuwar wata yarinya 'yar mako 27 wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Ba a yanke cibiyarta ba sai da aka jira minti guda. Ba a goge jikinta ba, sai aka zura ta cikin farar leda har wuya, aka sa mata hula don kada ɗumin jikinta ya tsere, sannan aka ɗora mata 'yar robar hanci mai tura iska a hankali. Babu bututun da aka zura mata a maƙogwaro. Da kanta take numfashi, na'urar kuwa aikinta kawai ta riƙe jakunkunan huhun a buɗe kada su rufe. Wannan ita ce ma'aikata suke kira sifap, kuma ita ce ƙashin bayan aikinmu.

Wani likita mai suna George Gregory ne ya fara bayyana amfaninta ga jarirai a San Faransisko a 1971. Daga baya aka yi manyan gwaje-gwaje don a tantance ko ta isa ta tsaya a madadin bentileta tun daga ɗakin haihuwa. Wanda aka wallafa a 2008 ya ƙunshi jarirai 610, na 2010 a Amurka kuma jarirai 1,316 'yan mako 24 zuwa 27. Sakamakon ya nuna waɗanda aka fara da sifap ba su fi sauran mutuwa ba, kuma sun fi ƙarancin kwanaki a kan babbar na'ura. Ba na ɓoye miki cewa a gwajin farko an fi samun ɓulewar huhu a ɓangaren sifap, don haka ita ma tana buƙatar ido. Amma bentileta tana tura iska da ƙarfi cikin huhun da bai nuna ba, tana iya barin tabon da yaro zai daɗe yana fama da shi. Bayan haka tana buƙatar likitan da ya iya zura bututu a maƙogwaron da bai kai kaurin tsinken alkalami ba, da na'urar auna iskar jini a kowane lokaci, da hoton ƙirji a bakin gado, da nas guda da ba ta da wani aiki sai wannan jariri. Ƙa'idar nan ita ce nas ɗaya ga jariri ɗaya a sashen gobe-da-nisa, ɗaya ga biyu a matsakaici, ɗaya ga huɗu a sashen masu sauƙi, duk da cewa su ma ba kullum suke cika ta ba. Ke kuwa kin faɗa mini akwai daren da ku biyu kuke kwana a kan jarirai fiye da ashirin. Idan aka kawo muku bentileta a haka, ko dai ta zauna a kwali ƙura ta rufe ta, ko ta yi ɓarnar da ta fi gyaranta.

Kin san dabarar da muke yi a gida ta tsoma bakin roba cikin gorar ruwa, zurfin santimita biyar ko shida, ruwan yana ɓulɓula. Kada kowa ya raina ta, domin asalin hikimar ɗaya ce da ta na'urorin sifap na nan, kuma wani babban asibiti a birnin New York ya shahara da ita tun shekarun 1970. Inda matsalar take shi ne mu muna haɗa robar kai tsaye da silindar oksijin, jaririn yana shaƙar zallarsa. Iskar da Allah Ya ba mu muna shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce kawai oksijin. Zallan oksijin yana lalata jijiyoyin idon bakwaini, kuma a shekarun 1940 da 1950 yara masu yawa sun makance ta haka a Turai da Amurka kafin a gane dalili. Da aka gane kuma sai aka koma ana ƙwauronsa, wasu suka rasu. Sai da aka yi gwaje-gwaje biyar a kan jarirai kusan 5,000 aka fahimci cewa riƙe ma'aunin oksijin na jini tsakanin 85 da 89 yana ƙara yawan mace-mace, riƙe shi tsakanin 91 da 95 kuma ya fi tsira da rai, ko da yake yana ƙara yawan masu buƙatar aikin ido. A sashenmu kowane gado yana da na'urar gauraya oksijin da iskar ɗaki, da 'yar fitilar da ake ɗaure wa jariri a tafin ƙafa tana nuna lamba dare da rana, mu kuwa muna murɗawa sama ko ƙasa gwargwadon abin da ta nuna. Waɗannan abubuwa biyu, a ganina, su ne babban bambancin da ke tsakanin asibitocinmu na gida da na nan, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na bentileta ba.

Ba sai an je Turai za a samo sifap mai gauraya iska ba. A Malawi, Jami'ar Rice ta Amurka da Asibitin Sarauniya Elizabeth na Blantyre sun ƙera wata mai suna Pumani, mai sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, kuma binciken da suka wallafa a 2014 ya nuna kashi 71 cikin ɗari na jariran da aka sa wa ita sun rayu, a kan kashi 44 na waɗanda aka ba oksijin kaɗai. Shirin NEST360 da ya biyo baya yana aiki a Najeriya ma, saboda haka ya kamata shugaban asibitinku ya bincika ta wannan hanyar.

Akwai magani guda da nake ba kusan kowane ƙaramin bakwaini kowace safiya, wanda idan na faɗa wa Inna za ta yi murmushi, wato kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa. Ƙwaƙwalwar bakwaini takan manta ta umarci ƙirji ya yi numfashi, sai ki ga ya yi tsit ya fara yin shuɗi, kafeyin kuwa yana farkar da ita. Gwajin da Barbara Schmidt ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2006 a kan jarirai 2,006, ya nuna yana rage ciwon huhu mai daɗewa, yana kuma sa a yi saurin cire yaro daga na'ura. Abin da ke ci mini rai shi ne a nan yana cikin kabad kamar farasitamol, a ƙasar da ake cin goro safe da yamma kuwa sai iyaye sun zagaye kemis-kemis, ƙarshe a koma wa aminofilin wanda ya fi wuyar aunawa.

Safaktan ɗin kansa akwai shi a kwalba tun bayan da Tetsuro Fujiwara ya gwada shi a kan jarirai goma a Japan a 1980. Yanzu ta wata siririyar roba ake ɗiga shi cikin maƙogwaro jaririn yana kan sifap yana numfashinsa, dabarar da likitocin Jamus suka yaɗa. Kwalba ɗaya ɗaruruwan fam ce, amma a nan iyaye ba sa ganin takardar kuɗinta, domin hukumar lafiya ta NHS ce take biya daga haraji. Ba a cewa uba ya je ya nemo kafin a taɓa ɗansa, kuma wannan kaɗai yana ceton sa'o'in da mu muke asara. Wanda aka fi amfani da shi a nan, Curosurf, daga huhun alade ake tato shi, akwai kuma Survanta na huhun saniya. Sau da yawa ni ake kira in zauna da iyaye Musulmi a kan wannan, kuma waɗanda na gani, bayan sun tuntuɓi malamansu, sun karɓa a bisa hukuncin larura.

Abu mafi araha kuma yana hannunki ne, Yaya, kafin jaririn ya iso hannuna. Allurar dekzametazon da ake yi wa mai ciki idan naƙuda ta taso kafin lokaci tana gaggauta nunar huhun ɗan tayi. Graham Liggins da Ross Howie ne suka tabbatar da amfanin irin wannan allura a Niyu Zilan a 1972, bayan Liggins ya lura da haka a jikin tumaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwada ta a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Najeriya, a kan mata 2,852, kuma sakamakon 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Sharaɗinta shi ne a tabbatar da makonnin cikin ta hanyar hoto, domin wani gwaji na 2015 ya nuna yin ta barkatai ba tare da tantancewa ba yana cutarwa.

Kada ki ɗauka komai na nan ya fi namu. Na sha ganin mai jego zaune ita kaɗai gaban kwalbar ɗumama ɗanta mako da makonni, ba uwa ba ƙanwa, ba mai dama mata kunu, mijin ya koma aiki. Sai a watan Afrilun 2025 aka fara ba iyayen irin waɗannan jarirai ƙarin hutu na har mako 12. Akan kuma ɗauki jariri a motar asibiti zuwa wani gari mai nisa saboda babu gado. Hanyar goyon ƙirji kuwa, wadda ake kwantar da bakwaini fata da fata a ƙirjin uwa, ba daga Turai ta fito ba, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara ta a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Babban gwajinta na 2021 an yi shi ne a Ile-Ife da Kumasi da asibitocin Malawi da Tanzaniya da Indiya, a kan jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8, kuma fara goyon nan take, ko da jaririn yana kan sifap, ya rage mutuwa daga kashi 15.7 zuwa 12. Mu da muke da kaka da gwaggo da inna masu karɓar goyo idan uwa ta gaji mun fi su abin yin wannan, abin da muka rasa shi ne gado ko kujerar da uwa za ta kwana a cikin ɗakin jariran.

Har yau ban manta daren da aka ɗauke wuta a asibitin da na fara aiki a gida ba, janareto babu mai, na'urar tace oksijin ta tsaya, ina riƙe da fitilar waya muna matsa jakar iska da hannu ni da abokiyar aikina har asuba, yaron bai kai hantsi ba. Cikin shekaru huɗu a nan ban taɓa ganin fitilar ɗakinmu ta ƙifta ba. Saboda haka ki roƙi dattawan su fara da sola da batura na ɗakin jarirai shi kaɗai, sannan sifap biyu ko uku masu gauraya iska, da na'urar tace oksijin, da ma'aunin oksijin na jini mai igiyar ƙafar jarirai ga kowane gado, da robobin hanci ƙanana masu yawa domin su ne suke fara ƙarewa. Abin da ya rage a raba shi tsakanin kafeyin da dekzametazon na shekara guda, da kujerun goyo, da horar da ku da mai gyaran na'urori.

Ki auno mini faɗin ɗakin da yawan gadajen da ke ciki, ki kuma turo mini adadin bakwainin da kuka karɓa bara da nauyinsu idan littafin rajista ya nuna, domin in san girman robobin da zan haɗo. Idan Allah Ya kai mu hutuna na watan Disamba zan zo da su, in kwana biyu a sashenku mu gwada ɗaura su tare. Ki gaishe mini da Inna da kyau.